Tseren Babur Mai Ƙafa Huɗu: Gyaran Inji Gwargwadon Ƙasa da Iska

Yau gareji za mu leƙa, daga nan mu wuce filin tsere. Kanikawanmu na bakin titi, 'yan acaɓa, yaran gareji masu koyon aiki, da duk mai babur a gida, ku matso kusa da rediyo. Hirar yau taku ce.

Za mu yi magana ne kan tseren babur mai ƙafa huɗu. Babur ne mai taya huɗu masu kauri, ana hawansa kamar yadda ake hawan babur, ana riƙe kansa kamar na babur. A Amurka da Turai akwai dubban mutane da ke tsere da shi don sha'awa kawai. Ba albashi ake ba su ba. Manomi ne, ko malamin makaranta, ko direba, ya tara kuɗinsa ya sayi babur, ya gyara abinsa da hannunsa, ranar Asabar ya ɗora shi a bayan mota ya nufi fili. Su ne mutanen da za mu duba yau.

Ga abin da nake so ku riƙe tun daga farko. Ba inji mafi ƙarfi ne ke cin tsere ba. Injin da aka daidaita shi da ƙasar ranar da iskar ranar, shi ke kai mai shi gida. Zan maimaita wannan magana kafin mu rabu, don ita ce ginshiƙin shirin.

Bari mu fara da ɗan tarihi, a taƙaice.

A shekarar 1970 kamfanin Honda na Japan ya fito da wani ɗan babur mai taya uku don tafiya a inda babu titi. Ya karɓu ƙwarai a Amurka, amma yana yawan kifewa, ya kuma raunata mutane da yawa. A 1982 kamfanin Suzuki ya fito da mai taya huɗu. Zuwa 1988 kamfanoni sun yi yarjejeniya da gwamnatin Amurka suka daina sayar da sabon mai taya uku a can. Fili ya zama na mai ƙafa huɗu. Daga nan aka shiga ƙera waɗanda aka yi musamman don gudu, irin su Banshee na Yamaha da ya fito a 1987, da YFZ450 da TRX450R da suka biyo baya a wajejen 2004.

Dattawan Agadas za su tuna shekarun da tseren Dakar ke ratsa Tenere. Bayan tseren ya bar Afirka, a 2009, an ware wa masu ƙafa huɗu rukuni nasu, har zuwa 2024. Wannan na ƙwararru ne. Mu na masu ƙaramin ƙarfi muke nema.

To, yanzu sai mu shiga kashi na biyu: filin da ake tseren.

A gabashin Amurka akwai wata gasa da ake kira GNCC. Tsere ne na cikin daji, tsakanin itatuwa da duwatsu da ƙoramu. Ana yin zagaye fiye da 10 a shekara, kowanne a gari daban. Masu ƙafa huɗu ranar Asabar suke fita, 'yan sha'awa da safe, ƙwararru da rana. Ana shafe kimanin awa 2 ana gudu ba tsayawa.

Ku saurari yadda ƙasar ke canzawa. A farkon shekara ana zuwa jihar Fulorida. Can rairayi ne mai zurfi, ga zafi, ga ƙasar kusan daidai take da bakin teku. A tsakiyar shekara ana hawa wani tsauni da ake kira Snowshoe a jihar Bajiniya ta Yamma. Tsayinsa ya kusa mita 1,500, ga duwatsu, ga taɓo. A watan Oktoba kuma ana rufe gasar a jihar Indiyana, a tseren da ake kira Ironman, inda sanyi ya fara shigowa, kuma in aka yi ruwa filin kan koma caɓi.

Babur ɗaya ne fa. Mutum ɗaya ne. Aljihu ɗaya ne. Amma rairayi daban, dutse daban, taɓo daban. Kai ko a rana guda ma ƙasar ba ta tsayawa yadda take. Hanyar da ta yi laushi da raɓar safe, bayan ɗaruruwan babura sun bi ta kanta sai ta koma ramuka da ƙura. Wanda ya gyara injinsa sau ɗaya ya ce ya gama, wahala na jiransa a gaba.

Mun zo kashi na uku, kuma a nan za mu daɗe. Batun iska da mai.

Uwargida, kin fi kowa sanin wannan. In kika cusa itace da yawa a murhu iska ba ta shiga, sai hayaƙi ya turnuƙe, wuta ta ƙi ci. In itacen ya yi kaɗan kuma iska ta yi yawa, nan da nan wutar ta cinye shi. Haka cikin inji yake. Fetur ne itacen, kuma dole ya sami iska daidai gwargwado.

Masana sun auna abin. Kafin fetur ya ƙone ƙurmus, kowane awo 1 nasa yana buƙatar awo 14.7 na iska, in an auna da nauyi. Amma inji ya fi ba da ƙarfi in an ɗan ƙara man, wato wajen awo 13 na iska ga awo 1 na mai. Wa ke yin wannan awo? A tsofaffin babura kafireto ne. A cikinsa akwai wani ɗan ƙarfe mai huji da kanikawa ke cewa jet. Ta wannan huji mai ke bi. Kowane jet da lambarsa. Lamba babba, huji babba, mai da yawa. Lamba ƙarama, mai kaɗan.

To ina matsalar? Matsalar ita ce jet bai san an canza gari ba. Yadda ya saba ba da mai jiya, haka zai bayar yau. Iska kuwa ba ta zama ɗaya.

Ku kula da wannan sosai. Duk sa'ad da ka hau tudu, iska na ƙara sirancewa. Sinadarin da ke sa wuta ta ci yana raguwa a cikinta. Ƙiyasin da masu gyaran inji ke aiki da shi shi ne, kowace mita 300 da ka hau, inji na rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa. Mu yi lissafi tare. Daga Fulorida zuwa saman Snowshoe kusan mita 1,500 ne. Kashi 15 cikin 100 ke nan ya tafi. In injinka na da ƙarfin doki 40 a ƙasa, a kan tsaunin ya koma wajen 34. Ba abin da ya lalace. Iskar ce ba ta kai ba.

Kuma abin bai tsaya nan ba. Tun da iska ta ragu amma mai bai ragu ba, man ya yi yawa ke nan. Sai ka ji inji na tari, ka murɗa totur ya yi nauyi, fulogi ya yi baƙi da kunkunniya. Maganinsa ba tsada. A sauke jet a sa ƙarami. In a ce lamba 165 ke ciki, a gwada wanda ke ƙasa da shi, a hau a ji, a sake gwadawa.

Wannan ba labarin Amurka kaɗai ba ne. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200. Babur ɗin da aka daidaita kafiretonsa a Sakkwato, in aka kai shi Jos, mai shi zai ji ya yi sanyin jiki. Da yawa sai su ce bakanike ya cuce su. Alhali iskar garin ce ta canza.

Yanzu ku juya maganar. Ka gyara injinka a kan tudu, ka sa ƙaramin jet, sai ka sauko ƙasa da sanyin safiya ba ka mayar da babba ba. Iska mai sanyi a cunkushe take, ta fi ta zafi nauyi. Iska ta yi yawa ke nan, mai ya yi kaɗan. Nan haɗarin yake, jama'a. Nan haɗarin yake. Domin a farko inji zai yi ta tashi kamar an ƙara masa ƙarfi, mai shi yana murna. A ciki kuwa zafi ne ke taruwa. Fistin na gasuwa. Can sai ka ji inji ya buga a tsakiyar daji. Injin Banshee da ire-irensa, waɗanda ake haɗa musu fetur da baƙin mai, su suka fi saurin bugawa a irin wannan hali, don man da ke shiga shi ne kuma ke shafe cikinsu.

Saboda haka ku riƙe wannan ƙa'ida. Mai ya yi yawa, ka rasa gudu. Mai ya yi kaɗan, ka rasa inji. In za ka yi kuskure, gara ka yi shi ta wajen yawan mai.

Ta yaya mutum zai gane halin da injinsa ke ciki? Fulogi zai gaya masa. A sa sabo, a yi gudu sosai, a kashe inji nan take, a kwance a duba bakinsa. In ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya lau. In ya yi baƙi, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, a tsaya, kada a ƙara ko taku ɗaya sai an ƙara mai. Ruwan ƙasa lafiya, baƙi mai ya yi yawa, fari haɗari.

Wani zai ce, ai sababbin babura ba su da kafireto. Gaskiya ne. Raptor 700 da ya fito a 2006 da YFZ450R da ya fito a 2009, injekta gare su. Wata 'yar kwamfuta ce ke auna sanyin iska da nauyinta, ta rage mai ko ta ƙara da kanta. Wannan ya sauƙaƙa hawa tudu da sauka. Amma kwamfutar tana aiki ne da lissafin da kamfani ya zuba mata, na salansar kamfani da matatar iskar kamfani. Ranar da ka cire salansa ka sa mai faɗin baki, ka buɗe akwatin iska, iska za ta riƙa wucewa fiye da yadda ta sani. Dole a sake mata lissafi, ko a ɗaura wata na'ura da ke ƙara man. Wanda ya sayi salansa mai ƙara bai gyara mai ba, kuɗinsa ya sa ya sayo wa injinsa ciwo.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan tseren babur mai ƙafa huɗu, da yadda ake daidaita inji da yanayin fili. Mun gama da iska. Sai mu sauko ƙasa, kashi na huɗu ke nan.

Mu fara da rairayi. Rairayi na riƙe taya. Inji ba ya samun hutu ko na daƙiƙa, kullum yana ja, kullum yana zafi. Shi ya sa masu tsere a rairayi kan ɗan ƙara mai, don ya taimaka wajen rage zafin. A arewacin Faransa, a garin Le Touquet, ana tseren masu ƙafa huɗu a bakin teku cikin hunturunsu. Can rairayi da iska mai sanyi suka haɗu, dukansu biyu kuwa ƙarin mai suke nema. Babban abokin gabar inji a irin wannan wuri shi ne ƙwayar yashi. In ta wuce matatar iska ta shiga ciki, tana cin ringi da bawul a hankali har inji ya fara shan baƙin mai. Matatar waɗannan babura soso ce. Ana wanke ta, a bar ta ta bushe, a shafa mata wani mai mai danƙo da ke kama ƙura. Masu hankali ba sa zuwa fili da guda ɗaya. Mu da ke shan ƙurar hunturu kowace shekara, wannan darasi namu ne kai tsaye. Matatar iska ba ta kai kuɗin ringi ba, balle na fistin.

Sai taɓo. Taɓo na manne wa babur ya ƙara masa nauyi. Mafi muni, yana toshe lagireto, wato wurin da ruwan inji ke hucewa. Iska ta daina ratsawa, ruwa ya tafasa, gasket ya ƙone. Don haka ake sa raga a gaban lagireto, ana kuma tabbatar da fanka na aiki kafin a tashi. Akwatin iskar da aka buɗe don samun ƙarfi ranar rani, ranar ruwa rufe shi ake yi ruf. In kuwa babur ya nutse a ƙorama ya mutu, kada a yi gaggawar tayar da shi. Ruwa ba ya matsuwa. In yana cikin silinda aka tilasta wa fistin ya hau, ƙarfen da ke riƙe da shi zai lanƙwashe. A cire fulogi tukuna, a juya inji ruwan ya fita. In baƙin mai ya koma fari kamar an zuba masa madara, a juye shi a sa sabo.

A kan busasshiyar ƙasa mai santsi kuwa, yawan ƙarfi ma illa ne. Taya za ta yi ta juyawa a wuri ɗaya, wanda injinsa bai kai naka ba ya zo ya wuce ka a hankali.

Akwai wani gyara mai arha da nake ganin ya fi kowane amfani, amma ba a cika ba shi girmansa ba. Kaca na hawa kan faranti biyu masu haƙora, ƙarami a gaba wajen inji, babba a baya wajen taya. A ce na gaba haƙora 14 gare shi, na baya 38. In ka sa mai 13 a gaba, babur zai ƙara ƙarfin ja, amma ƙarshen gudunsa zai ragu. Wannan shi ake so a taɓo, da hawan dutse, da hanya mai yawan kwana. In fili a miƙe yake mai faɗi, sai a yi akasin haka. Haƙori 1 a gaba daidai yake da kusan 3 a baya. Tsayin taya ma na shiga lissafin. Masu tsalle-tsalle a filin da aka gina kan sa tayar baya mai inci 18. Masu shiga daji kan sa mai inci 20, don cikin babur ya tashi daga duwatsu da kututture. Doguwar taya kuwa tana rage ƙarfin ja, sai a rama da farantin kaca. Aikin rabin awa ne, ba a buɗe inji ba, amma babur ya zama wani daban.

Yanzu kashi na biyar: manyan gyare-gyare, masu cin kuɗi.

Ana iya faɗaɗa silinda a sa babban fistin. Ana iya sa fistin mai matse iska da mai fiye da na kamfani. Ana iya canza kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul tana rufewa. Duka suna ƙara ƙarfi, ba musu. Amma kowanne da kuɗin da yake karɓa daga baya. Fistin mai matsi sosai yana son fetur mai inganci na musamman, wanda ba ya kamawa da wuta kafin lokacinsa. In aka ba shi fetur na gama-gari, sai ka ji ƙarar ƙwanƙwasa a ciki, kuma wannan ƙara fistin take ci. Kamshaf ɗin da ke ba da ƙarfi in inji ya kai ƙarshen kukansa, sau da yawa yana rage ƙarfin tashi daga ƙasa. A fili miƙaƙƙe riba ce. A cikin daji, inda kake kwana kowane taku ashirin, asara ce. Ga kuma kulochi da zai fara zamewa, ga zafi da ya ƙaru, ga buɗe inji akai-akai. Sannan kowace gasa da dokokinta. Akwai rukunin da aka ƙayyade girman inji, wanda ya wuce a cire shi ko da shi ya zo na ɗaya.

Ra'ayina a nan a fili yake. Mai tsere don sha'awa, wanda da guminsa yake sayen kowane ƙarfe, kada ya fara da waɗannan. Ya fara da matatar iska, da jet, da farantin kaca, da taya, da birki. Ya kashe kuɗi a kan ƙafafun babur, masu shanye gargada, don su ne ke hana hannu mutuwa bayan awa guda. A garin Pont-de-Vaux na Faransa ana wani shahararren tsere na awa 12, mahaya suna karɓar juna. A irin wannan wuri injin da ya fi kowa gudu a awar farko ba shi da amfani in ya buga a ta biyar. Na ce zan maimaita, ga shi na maimaita: ba inji mafi ƙarfi ne ke cin tsere ba, sai wanda aka daidaita shi da ƙasar ranar da iskar ranar.

Kafin mu yi sallama, akwai maganar da ba zan tsallake ba, maganar rai.

Ganin taya huɗu na sa mutane su ɗauka wannan babur ba ya faɗuwa. Yana faɗuwa. Nauyin na tsere ya kai wajen kilo 180, kuma in ya kife, kan mahayinsa yakan faɗo. Tayoyinsa na baya a kan sanda ɗaya suke, tare suke juyawa, don haka a kwana dole mahayi ya karkata jikinsa, in ba haka ba babur ya ɗaga ƙafa. A kan kwalta abin ya fi muni, don ba a yi shi domin titi ba. A filin tsere ba a barin kowa ya hau sai da hular kwano. Akwai kuma wata igiya da ake ɗaurawa a jikin mahayi, in ya faɗi ta fizge ta kashe inji. Kamfanonin da ke ƙera su da kansu sun rubuta a jiki cewa babban babur ba na yaron da bai kai shekara 16 ba ne, kuma mai kujera ɗaya ba a goyo a kansa.

Iyaye, ina roƙonku. In Allah ya hore muku kuka sayi irin wannan babur don gona ko don shaƙatawa, kada ku miƙa wa yaro makulli. Matasa, tsere a fili ake yinsa, inda aka killace, ba a cikin unguwa ba, ba kuma a ayarin biki ba. Ku kuma kanikawanmu, in an kawo muku babur ana kukan ba ya ja, ku tambayi mai shi inda yake hawa, ku duba fulogi da matatar iska kafin ku kwance masa inji.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Allah ya kiyaye mana hanya, ya sa albarka a sana'o'inmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.